Hawan Jinin Motar Malama

Ranar Talata ce, da ƙarfe takwas da minti ashirin na safe, Dakta ya murɗa makullin motar matarsa, sai wata ƙaramar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a bayan sitiyari, ta ƙi mutuwa.

Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa Dakta ba likita ba ne. Gaskiya ne ya yi shekara talatin a asibiti, amma a bakin taga ya yi su, yana miƙa wa marasa lafiya kati yana kiran lamba. Da ya yi ritaya ya dawo gida da abu uku: farar riga mai manyan aljihu, da tsohon ma'aunin hawan jini irin mai agogo da ƙwallon roba wanda asibitin ya daina aiki da shi, da kuma sunan. A layinsu babu baligin da bai ɗaura wa ma'aunin nan a damtse ba, kuma babu wanda ya tsira. Tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidansu, shi ya fi kowa shan wuya. Tun bara Dakta ya raba shi da gishiri, har bawan Allah ya rage ƙugun wandonsa da hannunsa sau biyu.

Wannan Talatar ba ranar wasa ba ce. Auta, 'yar Dakta, ta haifi 'ya mace, jikar farko a gidaje biyu, kuma da sha biyun rana za a sallame su. Mijinta ya yi tafiya wurin aiki, saboda haka gidan iyayenta za ta sauka. Malama, matar Dakta, tsohuwar malamar makaranta kuma mai motar, tana can asibiti tana kula da ita. Kakanni maza biyu kuwa, kowa ya riga ya ce jaririyar amaryarsa ce. Ɗaya kakan shi ne Mai Katako, uban mijin Auta, mutum mai sanyin magana da tsohuwar a-kori-kura da ƙamshin garin katako ba ya barinta.

Jiya da yamma, a barandar asibiti, gaban nas-nas da 'yan dubiya, Dakta ya gyara murya ya ce, "Suruki, amaryata ba gungume ba ce da za a loda ta a a-kori-kura. Ni zan ɗauke ta, a mota mai kujerar baya."

Mai Katako ya yi murmushi ya ce, "Ba gardama, Dakta. Amma in sha biyu ta buga ba mu gan ka ba, katako ya samu."

Aka yi dariya, nas-nas suka ce su ne shaidu.

Shi ya sa Dakta ya zura wa fitilar ido kamar wanda ya ga maciji a takalmi. Motar irin mai canja giya da kanta ce. Ya ja giyar, motar ta zabura kamar an tsikare ta, sannan ta kama tafiya tana nishi. Ya taka totur, inji ya ɗaga murya, giya ta ƙi canjawa. Ya kai bakin layi, ya juyo, ya dawo ƙofar gida, ya kira bakaniken Malama.

"Baba, ina kwana," in ji bakanike, ana ta buga ƙarfe a bayansa. "Ai na gaya wa Malama tun wancan makon. Na jona mata kwamfuta. Sensar furesha ce ta man giya. Wato ita ce ke..."

"Furesha ka ce?"

"E, furesha. Amma shi man kansa..."

"Ya isa, yaro. Faɗuwa ta zo daidai da zama."

Ya kashe waya. Bakanike ya sake kira har sau biyu, Dakta bai ɗauka ba, don likita ba ya amsa waya yana kan aiki. A tagar da ya yi shekara talatin, kalmar furesha ma'ana ɗaya gare ta, wato hawan jini, kuma bai ga dalilin da zai sa ta canja don kawai majinyacin yana da tayoyi ba.

Ya shiga gida ya fito sanye da farar rigar, ma'auni a hannu. Ya ɗaga bonet. Kafin ya gama kafa masa sanda, Tela ya tsallako da tef a wuya, Mai Shago kuma ya bar shagonsa a buɗe ya taho yana goge hannu.

"Dakta, lafiya? Wa za a auna da sassafe?" in ji Tela, yana ja da baya kaɗan.

"Kwantar da hankalinka, yau ba kai ba ne. Mota ce. Hawan jini."

"Mota?"

"Kwamfuta ta tabbatar. Ni dama tun bara nake zarginta. Tana yawan zafi, ga ta da saurin fushi a kan gada."

Ya laluba cikin injin, ya sami wani baƙin tiyo mai kauri da ya fito daga lagireto. "Ga damtsenta," ya ce. Ya naɗa masa maɗaurin, ya hau matsa ƙwallon roba, fus, fus, fus. Allurar agogon ta tashi tana rawa, ta hau, ta hau, ta tsaya cak.

"Ɗari da casa'in," in ji Dakta a hankali, irin muryar da ake sanar da dangi.

Tela ya leƙo. "Ɗari da casa'in? Ai nawa ke nan."

"Ni ma haka ka ce min," in ji Mai Shago.

"Cutar layi ce. Iska ɗaya kuke shaƙa."

"To ita wa yake ba ta gishiri?" Tela ya tambaya.

"Ba gishiri kaɗai ke kawo shi ba. Akwai damuwa. Shekara nawa take ɗaukar Malama safe da yamma?"

"Wallahi sai na gaya mata," in ji Mai Shago.

"Ka gaya mata, ni kuma in gaya wa matarka abin da na gani a idonka ranar da na duba ka."

Mai Shago bai san abin da aka gani ba, amma bai sake ambaton Malama ba.

Dakta ya sake laluba, ya zaro wata siririyar sandar ƙarfe mai jan kai, wadda ake duba man giya da ita. Ya ɗaga ta sama. Wani jan ruwa ya gangaro ya ɗiga a kan yatsansa.

"Me kuka gani?"

"Ja," in ji su.

"Jini ke nan. Ku da ba ku shiga asibiti ba sai da kati a hannu, yau kun gani da idonku. Ya yi mata yawa, ya rasa hanya. Kofi ɗaya za mu rage, ta sami sararin numfashi, kafin sha ɗaya ina gaban asibiti ina danna hon."

Aka ɗauko jak aka ɗaga motar. Dakta ya shiga gida neman abin tara jini, ya fito da sabon baho ruwan hoda, takardar kanti ma ba a ɓare ba.

Mai Shago ya riƙe baki. "Dakta, wannan ba shi Malama ta saya a wurina don wankan jaririya ba?"

"Shi ya sa na zaɓe shi. Aikin jini ba a yin sa da kwano mai datti."

Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine, ya zura kansa ƙarƙashin motar da sifana a hannu. Ƙafafunsa kaɗai ake gani, da silifas ɗaya da ya zame. Daga can ciki yana ta bayani. Ya ce akwai wani babban likita da ya taɓa tsayar da tiyata don a tambayo ra'ayinsa. Tela ya ce ya ji labarin, amma wancan karon katin majinyacin aka zo nema. Dakta ya ce hassada ma tana ƙara hawan jini.

Noti ya yi gardama, sannan ya saki gaba ɗaya. Man ya ɓalle da ɗuminsa, ya bi sifana, ya bi tafin hannu, ya shige hannun farar riga har hammata. Notin ya kuɓuce, ya faɗa baho, tsulum.

"Kofi ya cika, Dakta," in ji Mai Shago, yana durƙushe yana leƙe.

"Na sani! Noti! Ku ciro min noti!"

Ya toshe ramin da babban yatsa. Man ya bi gefen yatsan ya ɗiga masa a gira. Ya canja yatsa, a tsakanin canjin ya sami rabonsa a gemu.

"Tela, zura hannu ka ciro!"

"Ni? Farin yadin mutane ke kan kekena. In taɓa jini in koma in taɓa shi?"

"Mai Shago!"

"Ni kuma burodi nake miƙa wa jama'a."

Daga ƙarshe Tela ya tuna da maganaɗisun da yake tsince allurai da shi. Ya tafi ɗaukowa, ya tarar da mai karɓar ɗinki, suka gaisa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ko da ya dawo ya ɗaura maganaɗisun a zare ya kamo notin kamar kifi, babu sauran abin toshewa. Motar ta ba da duk abin da za ta bayar, tana ɗiga ɗaya-ɗaya. Baho ya kusa rabi.

Dakta ya ɗaure noti, ya fito. Rabin rigarsa ja, rabi fari. Wata mata da ke wucewa da yaro ta ja hannun ɗanta suka tsallaka ɗaya gefen.

"An wuce kofi kaɗan," ya ce, "amma yanzu za ku ga aiki."

Ya sake matsa ƙwallon roba. Allura ta hau, ta tsaya.

"Nawa?" in ji Tela.

"Ɗari da casa'in. Irin mai taurin kan ne."

Aka sauke jak. Dakta ya shimfiɗa jarida a kujera ya zauna, ya tayar da inji, ya ja giya, ya taka totur. Inji ya yi ruri har tantabarun kan rufi suka tashi. Motar ko gezau. Ya sa ta baya, ya taka. Ruri ya ƙaru, mota na nan inda take.

"Ɗazu dai tana tafiya," in ji Mai Shago, kamar mai magana da kansa.

"Ɗazu ba ta san tana da ciwo ba. Yanzu jininta ya yi ƙasa."

Tela ya sosa ƙeya. "Ya hau, kuma ya yi ƙasa?"

"Shi ya sa ake zuwa makaranta, Tela. Da abin mai sauƙi ne da kai ma ka ɗinka shi."

Waya ta yi ƙara a aljihun da bai jiƙe ba. Malama ce.

"Malam, kana ina? Likita ya riga ya zagayo, an ce mu haɗa kaya. Surukinka tun ɗazu yana nan, har ya share cikin motarsa ya fesa turare."

"Ina hanya."

"Wace hanya ce nake jin muryar Tela?"

"Rakiya ya yi min."

"Ka dai tuƙa min mota a hankali, bakanike ya ce..."

"Sabis ba kyau," in ji Dakta, ya kashe.

Ya juyo ga jama'a, waɗanda yanzu sun ƙaru da Mai Wanki da wasu mata a bakin ƙofofi. "Ƙarin jini za a yi. Sa'armu ɗaya, nata ne, ba sai an nemi dangi ba."

Mai Shago ya kawo gorar ruwa babu kome a ciki, Tela ya ba da hanga, Mai Wanki ya yanko guntun tiyo. Dakta ya huda gindin gorar, ya cika ta da jan mai, ya rataya a bakin bonet. Ta yi kama da abin da ake rataya wa marasa lafiya, har wata tsohuwa ta ce Allah ya ba ta lafiya, aka ce amin.

Saura wurin sakawa. Tela ya nuna ramin da aka zaro sandar nan. "Tunda nan ka ga jinin, ba nan za a mayar ba?"

"Wannan ƙaramar jijiya ce. In muka bi ta nan sai amaryata ta yi haƙori ba mu gama ba."

Idonsa ya faɗa kan wani farin tanki na roba a gefe, mai faɗin baki da shuɗin murfi. A kan murfin akwai ɗan hoto na ruwa yana tsiri sama ya rabu biyu.

"Wannan ba na ruwan wanke gilashi ba ne?" in ji Mai Shago.

"Ka taɓa mallakar mota?"

"A'a."

"To dubi hoton da kyau. Zuciya ce tana fesa jini. Babbar jijiya ke nan."

Gorar ta fara ɗiga, amma a hankali, kamar mai rowa. Dakta ya dubi rana, ya dubi gora, ya fizge tiyo ya ce a kawo mazurari. Ya ɗaga bahon da hannu biyu ya tuttula. Tankin ya cika ya tumbatsa, ga mai ya rage a baho.

"Ta ƙoshi," ya ce. "Majinyaci ba a yi masa dole."

Ya rufe bonet, ya shiga, ya taka. Ruri. Ko motsi.

Dakta ya zauna riƙe da sitiyari, mai yana ɗiga daga gemunsa kan jarida. Can nesa agogon wani shago ya buga, bai so ya ƙirga ba, amma kunnensa ya ƙirga masa.

"Motsa jiki!" ya ce, ya buga sitiyari. "Jini ya shiga, amma bai zagaya ba. Ku tura. Da ta ji iska za ta kama."

"Ka hana ni gishiri, yanzu kuma in tura mota da wane ƙarfi?" in ji Tela.

"Kai ma motsa jikin zai yi maka amfani. Magani biyu a kati ɗaya."

Suka dafa. Tela, Mai Shago, Mai Wanki, da wasu samari biyu da ba su san abin da ake ciki ba. Layin nasu yana da ɗan gangare zuwa babban titi, abin da Dakta ya sani tun kafin a haifi Auta, amma ya manta a ranar. Motar ta fara mirginawa, ta ƙara sauri, ta bar masu turi a baya. Tela ya faɗi a gwiwa.

"Ta kama!" Dakta ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu. "Na gaya muku ta kama!"

Yana waige yana karɓar gaisuwa bakin layi ya iso. Ya juyo, ya ga titi, ya danne burki, ya murɗa sitiyari. Motar ta yi gefe, tayar gaba ta faɗa kwata, gindinta ya tare rabin titi, gabanta ya toshe bakin layi.

Nan da nan aka fara hon. Masu babur suka tsaya, masu talla suka sauke kaya, direbobi suka leƙo suna tambayar wanda ya ba wannan tsohon lasin. Da suka ga rigarsa sai suka sassauta, suna tambaya ko an kira motar asibiti. A cikin motocin da suka tsaya, ta uku daga gaba, mai nuna alamar za ta shiga layin, wata tsohuwar a-kori-kura ce da aka wanke tas.

Sha biyu ta daɗe da wucewa.

A gaba Malama ce zaune, kusa da ita Auta rungume da farin tawul. Mai Katako ya buɗe ƙofa ya sauko cikin sababbin fararen kaya masu karin guga. Ya tako a natse, jama'a suna ba shi hanya, ya tsaya daidai madubin gefen direba.

"Dakta, sannu da aiki. Mun jira har nas-nas suka fara duba agogo. Amarya ta ce a gaishe ka, ta ce ƙamshin katako bai dame ta ba."

"Suruki, ka yi gaggawa. Minti ɗaya ya rage. Matsa ka gani."

Dakta ya damƙi giya ya fizga da ƙarfin zuciya, gwiwar hannunsa ta zame a kan mai, ya kai hannu zai dafa sitiyari, ya cafko sandar waifa ya ja ta zuwa ƙirjinsa.

'Yan bututu biyu ne a kan bonet masu fesa ruwa a gilashi. Na dama ya yi aikinsa, ya watsa jan mai a gilashin, waifa ta bi ta shafe shi daga gefe zuwa gefe. Na hagu kuwa tun da daɗewa ya karkace, Malama ta sha faɗa a gyara. Ya harba nasa ta gefen madubi, ya sami Mai Katako a ƙirji, ya zana masa layi har kafaɗa.

Wata mai talla ta ƙwalla ihu, "Ya kaɗe mutum!"

Tela, wanda ya iso yana ɗingishi, ya ɗaga hannu sama. "Jini ya hau! Wallahi jini ya hau kai!"

Dakta ya rasa yadda ake sakin sandar. Sai da Mai Katako ya sami kashi na biyu da na uku kafin Mai Wanki ya zura hannu ya ɓamɓare yatsunsa. Duk da haka ya fito daga motar yana nuna gilashi.

"Kun gani! Tun safe me nake faɗa? Hawan jini! Wanda ya yi musu ya zo ya duba!"

Mai Katako ya dubi rigarsa, ya dubi Dakta. "Allah ya ƙara basira," ya ce.

Malama ta sauko. Ba ta yi sauri ba. Shekara da shekaru ta yi tana shiga aji ta tarar an fasa taga, ta san amfanin tafiya a hankali. Ta zagaya motarta sau ɗaya, ta dubi taya a kwata, ta shafi gilashi da yatsa ta sansana.

"Malam, man giyata ne wannan?"

"Ya yi mata yawa. Furesha. Bakaniken naki da bakinsa ya faɗa."

"Ka bar shi ya gama maganar?"

"Ba na bukatar..."

"To ni na bar shi ya gama. Man lafiyarsa ƙalau, ya duba, bai ragu ba, bai ƙone ba. Abin da ke auna ƙarfin man ne ya lalace. Ɗan abu ne bai fi babban yatsa ba, shi ne sensar. Shi ke yi wa motar ƙarya, ita kuma ta tsorata ta maƙale a giya ɗaya. Ya ce a lallaɓa ta a hankali har sabon ya iso. Haka nake zuwa ko'ina da ita tun wancan makon. Da ka lallaɓa ta, da ka isa asibiti har ka gaji da zama."

Wani direba ya ce, "Garin neman gira!" Wani ya ƙarasa masa.

Amma Tela bai yi dariya ba. Ya matso a hankali, yana riƙe da ƙugun wandonsa.

"Malama, don Allah maimaita. Majinyaci lafiyarsa ƙalau, ma'auni ne ke ƙarya?"

"Haka ya ce."

Tela ya zura hannu a kujerar baya, kujerar amarya, ya ɗauko ma'aunin. Dakta ya ce kayan aiki ne, ba a taɓawa sai da horo. Babu wanda ya saurare shi. Mai Shago ya riga ya ruga shago ya dawo da burodi guda. Aka naɗa wa burodin maɗauri a tsakiya, Tela ya hau matsawa, jama'a suka yi da'ira. Allura ta hau, ta hau, ta tsaya.

"Ɗari da casa'in," Mai Shago ya karanta da ƙarfi.

"Ai akwai gishiri a burodi," in ji Dakta.

Tela ya harare shi. Ya kwance, ya taka zuwa sandar fitilar titi, ya naɗa mata. Fus, fus, fus.

"Ɗari da casa'in!" jama'a suka amsa baki ɗaya.

"Ita kuma fa, Dakta?"

"Tsayuwa ta yi mata yawa."

"To miƙo naka damtsen mu gani."

Dakta ya mayar da hannuwansa baya. Mai Wanki ya ce ashe wanzami ba ya son jarfa.

"Shekara guda," in ji Tela. "Shekara guda matata na raba tukunya. Ana cin miya ina shan ruwan zafi mai launi. Na je bikin ƙanina da ƙunshin abincina kamar fursuna. Ashe lafiyata ɗaya da ta sandar fitila!"

"Ka gode wa Allah," in ji Dakta. "Ga shi ka warke."

Sai da mutum uku suka riƙe Tela.

Malama ta jira hayaniya ta lafa, sannan ta yi tambayar da ta rage. "Man da ka zuba, a me ka tara shi?"

Dakta ya dubi sama, kamar ana kiran lamba a can.

"Akwai wani irinsa a shago," in ji Mai Shago a hankali, "amma shuɗi ne."

Malama ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta buɗe, ta miƙa hannu. Dakta ya fahimta, ya ce ai makulli yana jiki, sai bakanike ya zo. Ta ce to in ya zo shi za a ba, daga hannunsa kuma sai nata.

Mai Katako ya ɗauko igiyar ɗaure kaya, ya ɗaura wa motar a baya, a-kori-kura ta ja ta daga kwata kamar ba kome, aka tura ta gefe. Titi ya buɗe. Kafin su wuce, Dakta ya matsa jikin tagar ya leƙa. Jaririyar tana barci, ta dunƙule hannu a gefen kunci, ba ruwanta da kowa. Ya daɗe yana kallonta, fuskarsa ta yi laushi, har Malama ta kawar da kai.

"Na ga kamar tana numfashi da sauri," ya ce. "Bari in wanke hannu in..."

"Baba, lafiyarta lau," in ji Auta, ta ja tawul ta rufe.

Mai Katako ya shiga da jar rigarsa, ya ja motar a hankali ya shiga layi. Daga bakin titi zuwa ƙofar gidan Dakta ba nisa, amma ya yi tafiyar kamar mai ɗauke da ƙwai, yana danna hon a ƙofar kowane gida, mata suna fitowa suna yi masa barka da kawo amarya.

Jama'a suka watse, kowa ya kama gabansa da labari a baki. Bakanike ya ce ba zai samu zuwa ba sai yamma, kuma kada kowa ya sake taɓa kome.

Waɗanda suka rage a bakin layi su ne: Dakta, zaune a kan dakalin kwata, yana gaya wa wani mai jiran bas cewa shi ya fara gano ciwon, Tela, a kan benci, da dafaffen ƙwai a hannu ɗaya da ƙullin gishiri a ɗayan, yana dangwalawa yana kallon Dakta cikin ido, burodi guda da ya yi ƙugu, wanda Mai Shago ya ce ba zai sayu ba, sandar fitila, da maɗauri a jikinta, don babu wanda ya kwance mata, motar Malama, da jan gilashi, da kuma 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa, tana nan a kunne tun safe, ita kaɗai a layin da ba ta yi wa kowa ƙarya ba.